Kujerar Gaba a Motar Sista Rahila

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a Birnin Gwari, har tumbina ya kai matsayin da sai an ƙara wa jak dutse kafin in shiga. Sunana Sale, amma in ka sauka a tasha ka ce Oga Sale Fulogi, ko akuya za ta nuna maka garejina. Ku samarin da kuke cika mini benci da la'asar, kuna kallon hotunan motoci a waya kuna cewa kanikanci ai kwance noti ne da ɗaure noti, ku nake wa wannan rubutu. Na ga yadda kuke bin jar motar nan da ido duk ranar da ta wuce, kowannenku yana rantsuwa sai ya mallaki irinta. To ku karkaɗe kunne. Na san abin da ke cikin cikinta, ita ma akwai ranar da ta ji abin da ke cikin nawa.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai, birkin wata akori-kura ce mai ɗaukar doya. A lokacin ina koyo a hannun marigayi Oga Bawa, mutumin Gbagyi daga wani ƙauye a gefen dajin Kamuku, wanda bai taɓa shiga aji ba amma in inji ya yi tari zai faɗa maka abin da ya ci jiya. Na sauya robar birki, na zuba mai, na goge hannu a wando, na ce, "Oga, an gama."

Ya ce, "Ka fitar da iska?"

Na ce, "Har da guguwa na fitar." Alhali ko taɓa wurin ban yi ba, yunwa nake ji.

Ya ce, "Madalla. Shiga gaba."

Wannan ita ce dokar garejinsa, kuma ita ce dokar nawa har gobe: wanda ya ɗaure noti, shi ke zama a kujerar gaba a tafiyar farko. Na shiga. Direba ya ja, muka kama gangaren rafi, ya taka birki, birki ya tafi har ƙasa kamar an taka tuwon jiya. Ba mu tsaya ba sai a tsakiyar gonar rogon wani dattijo, doya ta yi gabas, takalmina ya yi yamma. Da na dawo ina ɗingishi, Oga Bawa bai zage ni ba. Ya miƙo mini sifana mai lamba goma, ya ce, "Yanzu ka fara zama bakanike." Sifanar tana nan a aljihuna, ta ga jana'izar motoci fiye da yadda liman ya ga ta mutane.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne cire tamosta. Wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, bai kai murfin kwalbar man shafawa ba, yana zaune a bakin bututun da ke kai ruwa lagireto. Aikinsa gadi. Yana tare ruwa har sai inji ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya. Oga Bawa ya ce wannan kayan ƙasar ƙanƙara ne, mu nan da rana ke soya ƙwai a kan bonet me za mu yi da shi? Don haka duk motar da ta iso daga Kwatano, tun kafin mai ita ya gama gaisuwa mun zare mata shi, mun haɗa wayar fanka kai tsaye da makunni, ta yi ta juyawa ba hutu. Kowane bakanike a ƙasar nan haka yake yi, kuma tsofaffin motocinmu masu kafireto ba su taɓa kai ƙara ba. Ni kuwa na mai da abin ado. Duk wanda na cire sai in zura shi a waya in rataye a bakin gareji, har mutane suka sa masa suna carbin Oga Sale. In za ka ja shi ɗaya bayan ɗaya, ka fara bayan sallar asuba, azahar za ta same ka a tsakiya.

Injin niƙan wata tsohuwa daga Dogon Dawa shi ne babban aikina a shekarar da hanya ta mutu. Kun san shekarar, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Ɓarayin daji suka hana kowa sakat, aka yanke layin waya, aka hana sayar da fetur a jarka, manoma suka baro gonaki suka cika makarantun gari. Wata uku mota ba ta shigo garejina ba. Kaza ta yi ƙwai a ramin da nake shiga in duba ƙasan mota, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka girma, na yanka biyu. Na gyara injin ban-ruwa, na gyara keken ɗinki, na gyara fitilar hannu, har amalanken mai ruwa na yi wa alamen, wato daidaita tayoyi. Injin tsohuwar nan an kawo shi ne a kan jaki, fistin ɗinsa ya ci zobe, babu inda za a samo sabo, na zauna kwana huɗu ina goga zoben wani mataccen janareto da fayil har ya zauna daidai. Da ya tashi, tsohuwa ta yi guɗa, ta ba ni kwano biyu na garin dawa. Kanikawa da yawa sun tattara sun koma Kaduna da Funtua a wannan shekara. Ni nauyina ya hana ni gudu.

Da abubuwa suka ɗan lafa, aka koma bin hanyar Kaduna amma sai da rakiya. Motoci su taru da safe a bakin gari, motar sojoji a gaba, wata a baya, a shiga daji a jere. Motar da ta mutu a tsakiya, ayari ba ya kwana a kanta. Ka bar ta nan, ka nemi inda za ka raɓa in an tausaya maka.

A cikin irin wannan ayari ne jar motar ta shigo garin nan. Guntuwa, ba ta da wutsiya, bayanta a datse kamar an sare da adda, ƙofar but ɗin tana ɗagawa sama har da gilashi. Ta yi ƙasa-ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera, tayoyi masu faɗi, salansa biyu. Ba ta yin ihu irin na motocin da kuke ɓula wa salansa don 'yan mata su waiwayo. Gurnani take yi can cikin maƙogwaro, ka ji shi a ƙirjinka kafin kunnenka. 'Yan kamasho suka sa mata suna Tsidugu, don ƙaramin barkono ne mai sa babba hawaye.

Muna jiran mu ga wane ɗan Alhaji ne zai fito, sai ƙofa ta buɗe, ga Sista Rahila da tabarau da jakar allura. Unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti wajen Tabanni, ta haura hamsin, rabin yaran yankin nan a hannunta suka fara kuka. Abin da ba mu sani ba, mahaifinta direban motar katako ne, tana 'yar shekara goma sha biyar ya ɗora ta a kan matashi ya koya mata sitiyari. Shekara ashirin tana yawo a kan babur tana mafarkin irin wannan mota.

Na ce, "Sista, wannan ai ta samari ce. Me ya hana ki sayi mai tsayi, ta manya?"

Ta ce, "Oga Sale, haihuwa ba ta jiran manya. Ka duba mini ita, ka sauya baƙin mai. Kada ka yi mata komai bayan wannan."

Da na ɗaga bonet sai da na yi salati. Inji ya cika wurin taf, ko allura ba ta da masauki. Ga turbo, wato wata fanka mai kamar katantanwa da hayaƙin salansa ke juyawa, tana ɗura wa inji iska kamar zugazugin maƙeri. Giya shida ta hannu, gajera, tana shiga da ɗan yatsa. Kujera mai kafaɗu, in ka zauna sai ta rungume ka. Ni dai da na zauna rabina ta runguma, sauran ya zuba gefe. Na sauya mai. Na sa wani maƙeri ya yanko faranti na ƙarfe na ɗaura mata a ƙasan inji saboda duwatsun hanyarmu, wannan kam har yau ina alfahari da shi. Daga nan hannuna, da ya saba shekara talatin, ya tafi da kansa. Na zare tamosta, na haɗa fanka kai tsaye, na ƙara wa carbina ƙwaya ɗaya. Ban ma faɗa mata ba, don a wurina kyauta ce na yi mata.

Bayan mako guda ta dawo.

"Oga Sale, na kawo maka barewa, ka mayar mini da jaka mai ciki."

Mota ta koma shan fetur kamar raƙumi ya isa rijiya. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa, in an taka totur sai ta tsaya tunani kamar wanda aka tambaya shekarunsa. Na zaro fulogi, sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na sa sababbi. Kwana huɗu ta dawo. Na wanke nozul mai fesa wa inji fetur, na sauya matatar mai, na ce laifin mai sayar da fetur ne. Ta sauya gidan mai, ta dawo. Na ce iskar garinmu ce ba ta karɓe ta ba. A zuwa na huɗu har na fara kawo zancen aljanun dajin Kamuku, ta zare tabarau ta dube ni irin kallon da take wa mijin da ya ce bai san matarsa na da ciki ba.

Zuwa na biyar ba ita kaɗai ta zo ba. Tana tare da Jauro Buba, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa kusa da Tabanni tun kakanni. Ni kakata Babarbariya ce, don haka duk inda muka haɗu sai mun taɓa wasan Fulani da Barebari.

Na ce, "A'a, bawana, yau an bar ka ka shiga mota? Ka goge ƙafa dai ko?"

Kullum yakan rama da abin da ya fi wannan. Ran nan sai ya ce, "Oga, yau ba wasa."

Sista ta yi bayani a tsaye. Dije, matar Jauro, tana ɗauke da tagwaye, wata ya kusa cika, ɗaya ya kwanta a gicciye. Sai an yi mata aiki. Likitan da ke yin aikin a nan ya yi tafiya, dole sai Kaduna. Motar haya da ake cusa mutum takwas da buhun masara ba za ta yiwu ba, Dije sai a kwance. Ayari na gaba jibi ne da safe, in ya wuce kuma babu tabbacin cikin zai jira wani.

Ta ce, "A Tsidugu zan kai ta. In motar nan ta tsaya mana a daji, ka san abin da ke nan. Kuma duk garin nan an san dokar garejinka, don kai kake shelarta a wurin mai shayi. Jibi kujerar gaba taka ce."

Wanzami ba ya son jarfa. Na ce, "Sista, ai dokar ta yara masu koyo ce."

Jauro ya ce, "Oga Bawa da ya faɗa, ya cire masu tumbi?"

Washegari ranar kasuwa ce. Na karɓi makulli na fita gwaji, ba don ina da wata dabara ba, sai don kada a gan ni zaune. Na faɗa cunkoson bakin kasuwa da tsakar rana, gaba motar masara, baya garken shanu, hagu mai rake, dama wani mai amalanke yana zagin kowa. Fiye da rabin awa ina tsaye inji na aiki. Don rashin abin yi na zuba wa allurar zafi ido. Tun da na taɓa motar nan allurar a kwance take a ƙasa, ni kuwa ina murna, a ganina sanyi lafiya ne. Ran nan zafin rana da tsayuwa suka sa ta rarrafo a hankali har ta kusa tsakiya.

Hanya ta buɗe, na ɗan taka totur. Jama'a, kaina ya koma baya, hulata ta sauka a kujerar baya, wani mai tallan agogo ya tsallake kwata da tirensa bai zubar da ko ɗaya ba. Motar da ta yi wata guda tana ja da ciki ta zabura kamar an ɗana mata wuta. Na fita bayan gari inda iska ke kaɗawa, na miƙe hanya. Allura ta fara sauka. Tana kaiwa ƙasa, Tsidugu ta koma jaka mai ciki.

Na juyo na sake shiga cunkoson da gangan. Mai amalanken nan ya ce, "Oga Sale, ka manta wani abu ne?" Allura ta hau, mota ta farka. Na fita, allura ta sauka, mota ta kwanta. Sau uku na yi haka. A na ukun na tsaya a gindin wata ɗorawa, na ɗaga bonet, na kama bututun ruwa da hannu. Ɗumi-ɗumi kawai, kamar kunun jinjiri.

Nan na gane. Wannan mota tana da ƙwaƙwalwa, wani akwati da ke auna komai kafin ya ba inji abinci. Da na cire mai gadin ruwa, inji ya daina ɗumama, ƙwaƙwalwa ta ɗauka kullum sanyin safiya ake. Sai ta yi ta ɗura fetur don a ji ɗumi, ta kuma riƙe ƙarfin, kamar uwar da ta hana ɗanta fita don yana mura. Ba fetur ba ne, ba aljani ba ne. Aljanin yana nan da sifana mai lamba goma a aljihu.

Na koma gareji a guje na sauko da carbi. To, wanne ne nata? Wata guda ya wuce, na ƙara wasu a kai, ƙura ta mai da su duk uwa ɗaya uba ɗaya. Na shimfiɗa tabarma na zazzage su, na buɗe mazaunin a jikin inji, na dinga gwadawa ɗaya-ɗaya kamar mai neman wa amarya takalmi. Uku suka shiga daidai. Ba na son in yi caca da ran mutum uku, na huɗu kuma nawa, don haka na kwashe su na tsallaka wurin Ɗanlami mai shayi, wanda teburinsa ke kallon garejina shekara goma sha biyar.

"Ɗanlami, ara mini tukunyar ruwan zafi."

"Me za ka dafa, Oga?"

Na jefa su ciki.

"Innalillahi! Oga Sale, shayin mutane! Gobe kowa ya sha ya dinga warin lagireto?"

"Rufe mini baki, shayinka ai sai ya fi daɗi. Ƙara wuta."

Muka sunkuya mu biyu muna leƙen tukunya, masu wucewa suka taru suna tambaya ko sabon maganin basir ne. Na farko ya ƙi motsi har ruwa ya tafasa, matacce ne. Na biyu tun ruwa bai yi zafin wanka ba ya hangame baki. Na uku ya yi shiru abinsa, sai da ruwa ya fara ƙananan ƙwayoyi gab da tafasa, sannan ya buɗe a hankali kamar mai hamma. Na tsamo shi da cokali, ya sha iska, ya rufe. Na ce, "Kai ne." Na sumbace shi, ya ƙona mini leɓe.

Kafin magariba na mayar da shi mazauninsa da sabuwar roba, na warware haɗin fanka na mayar da kowace waya inda masu ƙera ta suka sa ta, na fitar da iska daga ruwan, wannan karon da gaske. Na sa fulogi masu tsabta, na cire kan batir na ɗan lokaci don ƙwaƙwalwa ta manta da abin da na yi mata. Na tayar. Allura ta hau tsakiya ta tsaya cak. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta mutu. Da Sista ta zo na faɗa mata gaskiya duka, don wadda za ka shiga daji da ita ba a yi mata ƙarya.

Ta ce, "Na ce maka kada ka yi mata komai."

Na ce, "Kin faɗa."

Ta ce, "Ƙarfe bakwai. Kada ka ci wake."

Da safe muka kwantar da rabin kujerar baya, aka shimfiɗa katifa, Dije ta kwanta, Jauro ya takure a gefenta da sandarsa da ya ƙi bari a gida. Na shiga gaba na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Sista ta yi tata, ta gyara tabarau, ayari ya tashi.

Ku da kuke ganin tuƙi shi ne taka totur, da kun ga matar nan. Ta san kowane rami a hanyar kamar yadda ta san sunayen yaran da ta karɓa. Ba ta faɗa wa ko ɗaya ba. Ta kauce nan, ta lallaɓa can, ta sauke giya kafin kwana, motar na bin hannunta kamar zare da allura. Ruwan da ke cikin gorar Jauro ko kaɗawa bai yi ba. Ni kuwa idona na kan allura. Tana tsakiya.

Mun yi nisa cikin daji, inda itatuwa ke haɗe kai a sama kuma kowa a mota yake daina magana, sai ayari ya tsaya. Wata tirela ta kafe a laka a bakin wata karyayyiyar kwalbati, ta tare hanya. Motar sojoji ta gaba ta riga ta haye, sauran duk muna baya. A daidai nan Dije ta yi wani nishi da ya sa Sista ta waiwaya. Ta fita, ta zagaya, ta duba ta, ta ɗago.

"Naƙuda ta fara. Ba za mu jira a ciro tirela ba."

Ta taka da ƙafa ta haye wurin babban sojan, na hango tana magana tana nuna mu da hannu. Ta dawo da sauri. Ya yarda zai kai mu har shingen gaba inda daji ya ƙare, in har za mu iya wucewa, kuma in za mu iya bin sa, don shi ba zai yi tafiyar hawainiya da mota ɗaya a bayansa ba. Tsakanin tirela da bakin rami akwai ɗan wuri da ko amalanke sai ya yi tunani.

Sista ta ɗaura zani tsakanin gaba da baya, ta rataya ledar ruwa a maƙalin rufi, ta ce wa Jauro ya koma gaba. Sannan ta jefo mini makulli.

"Ni hannuna na nan baya. Wanda ya ɗaure noti, yau an ƙara masa girma."

Na ce, "Sista, ni gyara na iya."

"Oga Sale, ja mota!"

Na naɗe madubai biyu, na shiga wurin nan da giya ɗaya. Jauro ya leƙa ta taga yana cewa, "Saura taki ɗaya... saura yatsa huɗu... saura ikon Allah." Farantin da na ɗaura a ƙasa ya goga dutse ya yi ƙara, ya cece mu. Muka haye. Direbobin da ke baya suka ɗau tafi, motar sojoji ta tashi da ƙura.

Na taka. Giya biyu, turbo ta yi fito. Giya uku, itatuwa suka haɗe suka zama katanga ɗaya. Sojan da ke zaune a bayan motarsu ya waiwayo yana neman inda muka maƙale, sai ya ga hancin Tsidugu a gindinsa. Ya yi wa direbansu alama a ƙara. Aka ƙara. Muna nan. In rami ya taso, in taɓa birki ta tsaya kamar an kira sunanta, in kauce, in sake takawa ta cike gurbin kafin in ƙifta ido. A kwana ba ta karkata, kamar an ɗinke ta da kwalta. Shekara talatin ina gyara motoci, ran nan na fara sanin dalilin da ya sa ake ƙera su.

Daga bayan mota Sista na cewa, "Sannu Dije, riƙe hannuna. Oga Sale, rami ɗaya ka faɗa sai na yi maka allura!"

Jauro ya riƙe sanda da hannu biyu, idonsa a rufe, yana ambaton sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ina jin sallama yake musu. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Babarbare, allurar taka fa?"

Na ce, "Tana tsakiya, bawana. Ko gezau."

Har Buruku ba ta motsa ba, har cikin Kaduna, har ƙofar asibiti. Aka fito da gado mai taya aka shige da Dije. Ni ban kashe inji nan take ba, na bar shi ya yi minti biyu yana numfashi, don turbo in ta sha gudu aka kashe ta da zafinta, man da ke cikinta ƙonewa yake. Da na fito sai na zauna a kan dakali kusa da mai sayar da lemo.

Bayan azahar Sista ta fito tana cire safar hannu. Maza biyu, uwa lafiya. Likita ya ce da mun ƙara awa ɗaya a hanya da labarin ya sauya. Jauro ya tsuguna a wurin ya yi sujada, ya tashi ya rungume ni, hannunsa bai zagaye ni ba.

Na ce, "To, sai a sa wa ɗaya Sale."

Ya ce, "In sa wa ɗana sunan bawa? Hassan da Usaini ne. Amma akwai ɗan maraƙi mai tumbi a garke, shi na ba shi sunanka tun bara."

Nan na san wasa ya dawo.

To samari, ga abin da zan faɗa wa mai son irin wannan mota. Za ta zauna a garin nan lafiya lau, shekararta huɗu yanzu ba ta taɓa kwana a hanya ba. Amma ba ta cin abin da ta samu. Baƙin mai na gaske, a kan lokaci, ba na durom ba. Fetur daga famfo, kada ka kusance ta da na kwalba. Taya in ta fashe sai an aika Kaduna, don haka ka ajiye biyu a ɗaki. Ka sa mata faranti a ƙasa, ka koyi ramukan hanyarka, kada ka ɗora mata buhu shida ka ce ai bayanta na buɗewa. Sannan in ka kai ta wurin bakanike ka ga hannunsa ya nufi bututun ruwa, ka buge hannun, ko da nawa ne. Oga Bawa bai yi ƙarya ba a zamaninsa, Allah ya jiƙansa, amma kiɗa ya sauya. Carbin nan da kuke gani ya rage tsawo, ba sata aka yi ba. Duk tsohon kwastoman da ya shigo sai na dafa nasa a tukunyar Ɗanlami na mayar masa, in ya mutu in sa a kawo sabo.

Sai dai kada ku sa rai da Tsidugu, akwai layi, kuma ni ne a gaba. Tun ranar da muka dawo, ita a sitiyari ni a kujerata, Sista ba ta sake ba ni makulli na wuce ƙofar gareji ba. Amma ta yi mini alkawari a gaban Jauro da Ɗanlami, ranar da gwiwarta ta gaji da taka kuloci, ni za ta fara yi wa tayin sayen motar. Shi ya sa duk safiya in na ji gurnanin nan daga nesa nake fitowa bakin titi da fara'ata, in ɗaga hannu in ce, "Sista, ina kwana? Ya gwiwa?"

Ba ta taɓa amsa mini da baki ba. Giya take saukewa, ta bar ni ina neman hulata.